Matar da Ta Aiko da Takalma

Yayata ce ta kawo 'yan matan Koriya gidanmu, a cikin wayarta. Lokacin tana karatu a Aliero, takan zo Jega ƙarshen mako da ƙullin wanki da yunwa da labarin ɗakin kwanan ɗalibai. Ni na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Taubashiyata kuwa, ɗiyar kawuna na Liba, ba ta gama ba tukuna. Tun tana ƙarama aka kawo ta wurin Inna saboda makaranta. Ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya, kuma ba ma wuni ba mu yi faɗa mun shirya ba.

Wata Asabar da hantsi muna tsintar shinkafa a inuwar ɗaki, Yaya ta jingina wayar da gindin turmi ta ce mu zo mu ga aiki. 'Yan mata ne a jere, cikin fararen riguna da siket mai ninki irin na 'yan makaranta, suna rawa suna murmushi. Ko kalma ɗaya ba mu gane ba a waƙar. Abin da ya kama ni shi ne yadda hannuwansu ke tashi tare su sauka tare, ba mai riga ba mai bin baya. Ban taɓa ganin haɗin kai irin wannan ba sai wurin matan Liba idan suna lugude, taɓarya na bin taɓarya cikin turmi ɗaya ba a karo.

"Waɗanga 'yan alawa na," in ji Yaya. "Bari ku ga manya."

Ta shafa fuskar wayar sai ga wasu. Su baƙaƙen kaya suka sa, da takalma har gwiwa, kuma babu mai dariya a cikinsu. Suna kallon mutum kamar ya zagi iyayensu. Gangar tana da nauyi har kana jin ta a ƙirji, ɗaya daga cikinsu kuma ba rera waƙar take yi ba, zuba ta take yi da sauri kamar mai faɗa a bakin famfo. Bayan su Yaya ta nuna mana wasu masu dogayen riguna suna jan ƙasa cikin wani daji mai raɓa, muryoyinsu sanyi-sanyi, suna tafiya kamar ba sa taka ƙasa. Sai kuma masu gashi ja da shuɗi da ruwan hoda, kayansu kamar an kwaso daga dilar gwanjo an zuba musu, amma sun zauna daram. Yaya ta ce kowace ƙungiya da halinta, kuma a cikin ƙungiya kowace yarinya da matsayinta: akwai mai murya, akwai gwanar rawa, akwai shugaba, akwai autar da ake shagwaɓawa. Ta ce idan za su fitar da sabuwar waƙa sai su sake kama gaba ɗaya, waɗanda ka sani 'yan alawa jiya su wayi gari suna harara.

Inna ta zo wucewa da ƙwarya ta leƙa.

"Waɗanga ɗiyan ba su da uwaye? Ku dubi ƙahwahunsu kamar karan dawa. Ba a ba su tuwo?"

Ni da Yaya muka kwashe da dariya. Taubashiyata ba ta yi ba. Faifan da ke cinyarta ya karkace, shinkafa na zuba, kaji na ci, ita ba ta ma sani ba.

Ni masu dogayen rigunan nan nake so, ina jin su idan ina wanki, ina bin karin da hanci. Ita kuwa masu baƙaƙen kaya ta ɗauka. Da Yaya ta samu sabuwar waya sai ta bar mana tsohuwar mai tsagaggen gilashi, wai tamu ce mu biyu, amma cikin mako guda ta zama ta mutum ɗaya. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Baba ke kasuwar albasa Inna kuma ta ɗan kishingiɗa, sai ta zagaya bayan ɗaki kusa da turken awaki, ta ɗora wayar a kan bulo, ta yi ta maimaita taku ɗaya har sai ya zauna.

Dole in faɗi irin yarinyar da take. Doguwa ce, baƙa, mai kunya har ta yi yawa. Idan baƙo ya shigo gida ba ta iya ɗaga ido ta gaishe shi, sai ta gaida tabarma. Amma ranar da ta ce in zo in tsaya in gani, wata ce daban na tarar a bayan ɗakin nan. Kafaɗunta sun buɗe, haɓarta ta ɗaga, ta kalle ni da irin kallon 'yan matan can har na ji na ja da baya. Ta iya. Ba son kai ba, ta iya ƙwarai. Da kiɗan ya ƙare sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya yi?" da muryarta ta kullum.

Ita ta matsa sai na ɗauke ta bidiyo. Ta sa dogon hijabi da takunkumin fuska da ya rage mana tun lokacin korona, babu abin da ake gani sai idanu da tafin hannu da ƙafafu, da katangarmu a baya. Ta ɗora a shafinta. Mutane kaɗan suka gani, wasu suka yaba, wani ya yi mata wa'azi. Muka ɗauka shi ke nan.

Bayan 'yan kwanaki wata mata ta rubuto mata. Babu fuska a hoton shafinta, fure ne kawai. Ta kira ta ƙanwata. Ta ce ita 'yar Arewa ce amma aiki ya kai ta waje, kuma mutanen da take yi wa aiki suna neman 'yan matan Afirka da za a horar su zama ƙungiya irin waɗancan. Ta ce ta kalli yara da yawa, ba ta ga mai ƙafa irin tata ba. Taubashiyata ta nuna mini saƙon.

"Ƙarya ta," na ce. "Wa za shi zo Jega neman mai rawa?"

"Hassada dai," ta ce, tana dariya. Tsakanin taubasai wannan ba zagi ba ne, amma ranar na ji ta da gaske take.

Matar ba ta yi gaggawa ba. Kullum da safe sai ta gaishe ta, ta tambaye ta makaranta, ta turo mata sabuwar waƙa ta ce ta koyi wannan. Ta san ƙungiyoyin nan fiye da Yaya. Ta gaya mata yadda 'yan matan ke zama gida ɗaya, da ɗakin madubi inda suke koyon rawa, da yadda ake zaɓa wa kowace launin gashin da ya dace da ita. Ta ce ita baƙar fata za a bar ta da baƙinta, shi ne ma abin da ake nema. Ban taɓa ganin taubashiyata ta daɗe gaban madubi ba sai lokacin.

Sai wata rana saƙo ya zo cewa ta je tasha ta nemi wani direba mai zuwa daga Birnin Kebbi, akwai ajiyarta. Tare muka je bayan an tashi Islamiyya. Direban ya miƙo mana leda, ya ce wata hajiya ce ta ba shi a bakin hanya, bai san ta ba. A ɗaki muka buɗe. Takalma ne baƙaƙe masu tsawo da igiya, irin na 'yan matan nan sak. Ta zura ƙafarta suka zauna kamar an auna.

"Kin gaya mata lambar ƙahwarki?"

"A'a."

"Garinmu hwa?"

Ta ci gaba da ɗaure igiya. Can ta ce ba ta tuna ta faɗa ba, amma wataƙila ta faɗa.

Daga nan tambayoyin suka sake. Ina karantawa idan ta shiga wanka, ita ma ta san ina karantawa. Matar ta nemi hotonta babu hijabi, gaba da gefe. Ta tambayi tsawonta. Ta tambaya ko tana da wani ciwo da take shan magani, ko tana da tabo a jiki, ko an taɓa yi mata aure. Ta tambaya wa ke duba wayarta a gida. Kuma duk bayan 'yan saƙonni sai ta maimaita cewa kada ta gaya wa manya tukuna, domin mutanenmu ba su waye ba, sai abu ya tabbata za su fi kowa murna. Taubashiyata ta rage cin abinci. Tuwon dare sai ta gutsuri kaɗan ta tura mini sauran. Inna ta ɗauka ciwon shawara ne, har ta jiƙa mata magani.

Ranar wata kasuwar Jega matar ta ce ta shigo gari, tana son ganin ta ido da ido. Taubashiyata ta roƙe ni in raka ta, na ce ko ba ta roƙa ba ba zan bar ta ta je ita kaɗai ba. Muka karɓi aiken Inna na cefane muka fita.

Motar tana tsaye can gefen masu buhunan albasa, inda manyan motoci ke lodi, ƙarama ce mai duhun gilashi. Na zaci zan ga wata 'yar gayu. Sai ga mace mai jiki, ta manyanta, cikin hijabi ruwan toka da carbi a hannu, irin wadda za ka gani a gidan suna ka ɗauka gwaggon wani ce. Ta rungume taubashiyata kamar ta shekara ba ta gan ta ba. Hausarta ba tamu ba ce, ba kuma ta Kano ba, na kasa gane ta ina ce. Ta riƙe ta a kafaɗa ta juya ta, ta dubi bayanta, ta ce ta buɗe baki ta ga haƙoranta, wai saboda kyamara. Na sha ganin Kawu yana yi wa tunkiya haka kafin ya saya.

Sannan ta juyo gare ni.

"Ke ce 'yar'uwar? Ke ce mai ɗaukar hoton. Hannunki bai rawa."

Ta buɗe ƙofar baya don ta ɗauko mana lemo, a nan na ga akwai mutane a ciki. 'Yan mata biyu ne, ba su wuce sa'anninmu ba, kowace da ƙaramar jaka a cinya. Ga zafin rana, ga gilashi a rufe, amma suna zaune shiru. Na gaishe su, ɗaya ta amsa a hankali, ɗayar ta dubi direban motar kafin ta dube ni. Takalman da ke ƙafarsu irin waɗanda ke ɓoye a ƙarƙashin katifarmu ne.

"'Yan ƙungiyarki ke nan," matar ta ce wa taubashiyata. "Ke kaɗai ake jira. Ki shigo mu je nan kusa a ɗauki hotonki na fasfo, yanzu za a dawo da ke."

Taubashiyata ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Na damƙe hijabinta ta baya na ce da ƙarfi, yadda masu lodi za su ji, "Baba na can shina kallonmu." Ƙarya nake yi, rumfarsa tana can wani gefe. Amma masu ɗaukar buhu biyu suka waiwayo. Matar ta yi murmushi ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Ba komai, ba a gaggawa. Akwai wata rana." Ta daɗe tana kallona tana jan carbi. "Ke kina da wayo."

A hanyar gida taubashiyata ta wuce gaba ta bar ni a baya. Muna shiga na wuce ɗakin Inna na gaya mata komai, na ɗauko takalman na ajiye a gabanta. Inna ba ta yi ihu ba. Ta juya takalmin a hannu, ta shinshina, ta ajiye shi nesa da ita kamar abin da aka tono a bakin ƙofa. Ta aika aka kira Baba daga kasuwa. Ya tura yaransa suka zagaya tasha da bakin hanya, babu motar babu alamarta. Aka karɓe wayar, aka kai maganar ga hukuma, aka ce za a bincika. Washegari Kawu ya zo da babur ya tafi da ɗiyarsa Liba, wai ta huta har hankalinta ya dawo.

Tana ɗaure kayanta ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Kin kashe ni. Ke kina da Aliero, za ki tahi karatu kamar Yaya. Ni mi gare ni?"

Na yi zaton an gama. Liba ba ko'ina ake samun sabis ba, wayar kuma tana akwatin Baba. Abin da ba mu sani ba shi ne ta haddace lambar matar. Takan ari wayar matar yayanta ta ce za ta gaida Inna, ta tafi bayan gari wajen wata tsamiya inda sabis ke kamawa.

Ana cikin cirar albasa, kowa na fadama, Kawu ya kira Baba da rana tsaka. Ina kusa, ina jin muryarsa ta cikin wayar tana karyewa. Ba a ga yarinya ba tun safe, jakarta ma babu. Baba ya ɗauki mota, Inna ta shiga, ni ma na shiga babu wanda ya hana ni. Har muka fita Jega Inna na ta salati ƙasa-ƙasa. Duk ƙaramar motar da ta wuce mu sai na bi gilashinta da kallo.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya cece mu. Shi ya ɗauko ta daga bayan gari zuwa Maiyama, kuma da ya koma ya ji ana cigiya sai ya je ya gaya wa Kawu inda ya sauke ta. Muka same ta a bakin babbar hanya, gaba da tasha kaɗan, zaune a kan benci kusa da mai sayar da rake. La'asar ta yi. Mai raken ta ce tun hantsi take nan, ko ruwa ta ƙi sha, duk motar da ta rage gudu sai ta miƙe. Ta ce akwai wata ƙaramar mota mai duhun gilashi da ta zo ta tsaya can tsallaken titi, ta daɗe, babu wanda ya fito. Lokacin kuwa wasu dattawa sun shimfiɗa tabarma a gefen bencin suna jiran mota, ɗaya har yana tambayar yarinyar ɗiyar wa ce. Sai motar ta ja ta tafi. Taubashiyata ta tsallaka da gudu tana ɗaga hannu, ba su tsaya ba.

Da ta gan mu ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba. Kawu ya ɗaga hannu zai mare ta, Baba ya riƙe shi. Ta shiga mota ta zauna kusa da ni, jikinta zafi kamar garwashi. Baba ya sa ta faɗi lambar, ya kira. A kashe take, kuma ba ta sake shiga ba.

Inna ta ce ba za a mayar da ita Liba ba, a gabanta za ta zauna. Ta koma makaranta, ta koma cin tuwo, amma ta daina zuwa bayan ɗaki. Watanni muna kwana katifa ɗaya ta juya mini baya. Ta yi imani har zuciyarta cewa wasu na can a ɗakin madubi suna koyon rawar da ita ta fi su iyawa.

Damina ta faɗi, na samu gurbin karatu, ina shirin tafiya. Wata safiya aka yi sallama, sai ga wata mata daga Gehuru, ƙafafunta duk taɓo, da goyo a baya. Ba mu san ta ba. Ta ce a kasuwa ta ji labarin gidanmu, ta yi ta tambaya har aka nuna mata. Ɗiyarta ta fita tun kafin azumi, ta ce za ta gidan ƙawarta, ba ta dawo ba. A cikin kayanta an tarar da ledar sababbin takalma, babu takalman.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma ta kira mu. Matar ta kwance bakin zane ta fito da ƙaramin hoto irin na makaranta. Na karɓa ina addu'a in gane fuskar, ko don in ce mata na gan ta da rai. Na duba, na sake dubawa. Ba ta cikin biyun da na gani a mota. Wannan wata ce daban.

Taubashiyata ta karɓi hoton ta riƙe shi ta daɗe. Sai ta fara magana, ba wanda ya tambaye ta. Ta faɗi komai tun daga saƙon farko, da abubuwan da ko ni ban sani ba: cewa an ce kada ta ɗauki kaya da yawa, kada ta zo da waya, kuma idan an tsayar da su a hanya ta ce matar nan innarta ce, za su biki. Hawaye na sauka a kan hijabinta.

Matar Gehuru ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita ba ta gane ba, wace irin rawa ce wannan da ɗiya za ta bar uwarta saboda ita? Tana son ta gani. Inna ta dube ni, na ɗauko sabuwar wayata na nemo. Waɗanda suka fara fitowa masu fararen riguna ne, suna tsalle cikin wani lambu suna dariya. Matar ta riƙe wayar da hannu biyu nesa da fuskarta, ta kalla har waƙar ta ƙare, jaririn na leƙowa ta kafaɗarta.

"To, aƙalla suna cikin tsabta," ta ce. "Can anka kai ta?"

Inna ta ce Allah Shi bayyana ta. Muka ce amin. Taubashiyata ta tashi ta ɗebo mata ruwa ta wanke ƙafa, sannan ta saka hijabi ta ce za ta raka ta wurin hukuma ta faɗi abin da ta sani. Na ce su jira ni in ɗauko nawa.